Yadda Ake Lissafin Kuɗin Wutar Tirolibas Kafin a Kafa Falwaya ta Farko

Duk lokacin da aka kawo mini takardar shirin layin tirolibas domin in duba lissafinta, shafin jadawalin motoci nake fara buɗewa. Farashin wuta yana nan, zan iso gare shi daga baya. Abin da nake so in sani tun farko shi ne mota nawa za su wuce ƙarƙashin kowace kilomita ta waya a rana ɗaya, domin wannan adadin ne ke yanke hukuncin ko layin zai riƙe kansa ko zai zama kaya a wuyan gari har shekara talatin. Mutane da yawa suna fara lissafi daga kuɗin yunit ɗin wuta, su gwada shi da kuɗin litar dizal, su ga wuta ta fi araha, su rufe littafi. Lissafin da ya tsaya a nan bai kai rabi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, tirolibas motar bas ce mai tayar roba, injinta na lantarki, tana jan wuta daga wayoyi biyu da aka rataye a saman titi ta hanyar sanduna biyu da ke kan rufinta. Wayoyin sun zama biyu ne saboda tayar roba ba ta mayar da wuta ƙasa kamar yadda ƙafar ƙarfen jirgin ƙasa ke mayar da ita ta kan dogo, don haka dole waya ɗaya ta kawo, ɗaya ta mayar. Werner von Siemens ya gwada irin ta ta farko a unguwar Halensee ta birnin Berlin a 1882, kuma ta birnin Shanghai tana aiki tun 1914. Fasaha ce da ta tsufa ta zauna da gindinta, abin da ke kayar da ita a yawancin wurare kuɗi ne.

Fara da bin wutar daga inda ake biya

Ka ɗauki takarda ka zana hanyar da wutar ke bi. Kamfanin wuta yana kawo ta a matsayin AC, wato wuta mai kai-komo irin ta gidaje, mai ƙarfin bolt dubu 10, ko dubu 11, ko dubu 20, gwargwadon tsarin ƙasar. Tana shiga ƙaramar tashar wuta, inda taransfoma ke sauko da ita, na'urar juya wuta ta mayar da ita DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, mai bolt 600 ko 750. Daga nan kebul ya ɗauke ta zuwa wayar sama, sandar mota ta ja ta, ta shiga inji. Mitar da kamfanin wuta ke karantawa tana bakin tashar, wato a farkon wannan hanya. Mitar da masu ƙera mota ke tallata adadinta kuwa tana cikin motar, a ƙarshen hanya. Duk abin da ya zube tsakanin mitocin nan biyu kai za ka biya.

Saboda haka idan mai sayar da mota ya ce maka motarsa tana shan yunit kaza a kilomita, ka tambaye shi a ina aka auna, a wane yanayi, da fasinja nawa, da na'urar sanyaya a kunne ko a kashe. Yunit a nan kilowat-awa nake nufi, wanda mitar wuta ke ƙirgawa. A lissafin farko nakan ɗauki kimanin yunit 2 a kilomita ga mota mai tsawon mita 12, da yunit 2.5 zuwa 3 ga mai mita 18 mai gaɓa a tsakiya. Masu gaɓa biyu irin na birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, waɗanda tsawonsu ya kusa mita 25, sun fi haka sha. A garin da ake tsananin sanyi hita kan ci wuta har ta yi kusa da abin da injin kansa ke ci, saboda injin lantarki ba ya fitar da zafin banza da za a ɗumama fasinja da shi kamar na dizal. A garin zafi na'urar sanyaya ce ke wannan ci. Kada ka yarda da adadi ɗaya na shekara, ka nemi na kowane wata.

Bari mu gina misali mu riƙe shi har ƙarshe. Lambobin da zan sa na misali ne kawai, ka cire su ka sa naka. A ce layi mai tsawon kilomita 10, motoci masu mita 18, mota ɗaya duk minti 5 ta kowace fuska, awa 18 a rana. Mota 12 a awa, sau 18, sau fuska 2, ya ba ka tafiya 432. Kowace tafiya kilomita 10, kilomita 4,320 ke nan a rana, 1,576,800 a shekara. Idan kowace kilomita ta sha yunit 2.5, motocin sun sha yunit 3,942,000. A ce kashi 10 cikin 100 na abin da ya shigo ya zube a taransfoma da na'urar juya wuta da waya, to mitar kamfani za ta nuna kimanin yunit miliyan 4.38. Wannan na biyun shi za ka sa a kasafi.

Asarar cikin waya

A nan nakan daɗe, domin a nan ne ɗan lissafi kaɗan ke ceton kuɗi masu yawa. Wayar sama ta jan ƙarfe ce, kaurinta yawanci tsakanin murabba'in milimita 80 da 120. Mai murabba'in milimita 100 tana da turjiya, wato yadda take hana wuta wucewa, kusan om 0.18 a kilomita (om shi ne ma'aunin turjiya). Tunda wuta za ta je ta dawo, ka ninka biyu: om 0.36. Mota cike da fasinja idan za ta tashi daga tsayawa tana iya jan amfiya 300, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya ce. Idan tana nesa da tasha da kilomita ɗaya, bolt 108 sun faɗi a hanya, kuma kilowat 32 sun tafi wajen ɗumama waya a banza. Tashar ta aiko da kilowat 180, kusan kashi 18 cikin 100 bai isa motar ba. Idan tazarar ta kai kilomita 2, faɗuwar ta zama bolt 216, abin da ya rage bai kai 400 ba. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50163 ta sa bolt 400 a matsayin mafi ƙanƙanta ga tsarin bolt 600, da bolt 500 ga tsarin 750. Gaskiya ne tasha takan fitar da ɗan fiye da 600 idan babu nauyi a kanta, amma wannan rarar ba ta da yawa, kuma mota ta biyu da ta shigo wannan yanki za ta cinye ta.

Abin lura shi ne asarar ba ta tafiya daidai da amfiya, tana tafiya da amfiya sau kanta. Ka rage amfiya zuwa rabi, daga 300 zuwa 150, asarar ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, daga kilowat 32 zuwa 8. Wannan ne ya sa duk wanda zai gina sabon layi nake ce masa ya zaɓi bolt 750. Don aiki iri ɗaya, amfiya za ta ragu da kashi 20 cikin 100, asarar waya ta ragu da kashi 36 cikin 100, kuma zai iya nisanta tashoshi da juna. Tsofaffin garuruwa suna kan 600 ne saboda abin da suka gada, sauyawa kuwa sai an taɓa kowace mota da kowace tasha.

Akwai hanyoyi masu araha na rage turjiya da ya kamata ka duba kafin ka ce a ƙara tasha. A haɗa wayar fuskar zuwa da ta fuskar dawowa lokaci zuwa lokaci, mai kawowa da mai kawowa, mai mayarwa da mai mayarwa, sai wuta ta sami hanya biyu, turjiya ta ragu da kusan rabi. A ciyar da yanki ɗaya daga tashoshi biyu, ɗaya ta kowane ɓangare, yadda motar da ke tsakiya za ta sha daga dama da hagu. Birnin Gdynia na ƙasar Poland ya yi aiki sosai a kan wannan. Sai dai ciyarwa ta fuska biyu tana bukatar birekun tashoshin, wato na'urorin da ke katse wuta idan an sami matsala, su riƙa jin juna, ta yadda idan waya ta tsinke duka biyun za su yanke wuta tare, kuma wannan ma kuɗi ne da za ka rubuta. Ana kuma iya shimfiɗa kebul mai kauri ya bi layin yana taimaka wa waya. Kowanne ka lissafa kuɗinsa, ka lissafa yunit ɗin da zai ceto a shekara, ka gwada da kuɗin sabuwar tasha da filin da za ta zauna a kai, wanda a tsakiyar gari yakan yi wuyar samu fiye da kuɗin kansa.

Waya tana cinyewa. Bakin kowace sanda akwai ɗan takalmi mai ɗauke da guntun kabon da ke goga wayar. Idan ka ɗauki wanda aka cire a gareji, za ka ga kwari ya fito a tsakiyarsa daidai kaurin wayar, hannunka kuma ya yi baƙi. Kabon ɗin ne aka nufa ya cinye maimakon waya, shi ya sa ake canza shi akai akai, kuma ranar ruwan sama ko ƙanƙara ya fi saurin ƙarewa. Duk da haka cikin wayar yakan goge ya yi faɗi da shekaru, musamman a wurin tsayawa da kwana da hawan tudu. Wayar da ta rasa kashi 20 cikin 100 na kaurinta turjiyarta ta ƙaru da kashi 25 cikin 100. Ka yi lissafin faɗuwar bolt da tsohuwar waya, kada ka yi da sabuwa.

Asarar da ba ta barci

Ka tsaya bakin tasha da ƙarfe uku na dare, lokacin da babu mota ko ɗaya a hanya, za ka ji taransfoma tana ɗan gurnani. Wannan gurnanin wuta ce ake sha. A ce kowace tana shan kilowat 2 a zaune. Shekara tana da awa 8,760, yunit 17,520 ke nan, idan layinmu yana da tashoshi biyar kuma, 87,600. A layinmu mai mota duk minti 5 wannan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Idan mota duk minti 15 ce, ya zama kusan kashi 6. Wannan ya sa ba na son a sayi taransfoma da ta fi bukata girma sosai da sunan tanadin gaba, kuma idan tasha tana da guda biyu, ka tambaya ko za a iya kashe ɗaya a lokacin da aiki ya yi sauƙi.

Yadda ake karanta bil

Bil ɗin babban mai shan wuta yana da kashi biyu aƙalla. Akwai kuɗin yunit, akwai kuɗin ƙololuwar ja, wato mafi girman kilowat da ka ja a wata ko a shekara, wanda kamfanoni da yawa ke aunawa a matsakaicin minti 15. Na biyun ne ake mantawa, kuma tirolibas tana da hali mara daɗi a nan: tana ja da ƙarfi safe da yamma, daidai lokacin da kowa ke ja.

A misalinmu, tafiya 24 a awa, sau kilomita 10, sau yunit 2.5, ya ba da kilowat 600 a matsakaici a cikin motoci, kusan 670 a mita. Amma wannan nauyin ya rabu kan tashoshi biyar, kuma motoci ba sa rabuwa daidai. Cunkoso ya tare uku a wuri ɗaya, fitila ta ba su hannu, su tashi tare, tasha ɗaya ta ga ƙololuwa yayin da maƙwabciyarta ke zaune. Bayan rabin awa abin ya koma kan wata. Idan kowace tasha tana da nata bil, za ka biya ƙololuwa biyar da ba su taɓa faruwa lokaci ɗaya ba, jimlarsu kuma ta fi ƙololuwar layin gaba ɗaya. Don haka kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi a haɗa mitocin a lissafa su a matsayin mai saye ɗaya. Wasu dokokin ƙasa sun yarda, wasu ba su yarda ba. Inda ba su yarda ba, ka lissafa ko ya fi maka ka karɓi wuta a wuri ɗaya ko biyu ka ja kebul ɗinka zuwa sauran tashoshi. Ka kuma duba ko farashin yunit yana canzawa da sa'a, da ko akwai tara kan lalata ingancin wuta, domin na'urar juya wuta takan jefa ƙura a cikin layin kamfani. Irin na'urar da ake kira mai bugu 12 ta fi mai bugu 6 tsabta.

Wasu garuruwan sun yi sa'a a wannan ɓangare. San Faransisko ta Amurka tana samun wutar motocinta daga madatsar ruwan Hetch Hetchy, wadda mallakar birnin ce, ga kuma tuddai masu tsayi da ke wahalar da dizal. Idan naka garin ba shi da irin wannan gata, kada ka ari lissafinsu.

Wutar birki

Idan tirolibas ta zamani ta taka birki, injinta yana komawa janareto ya tura wuta cikin waya. Masu talla suna son wannan magana, kuma gaskiya ce, amma akwai sharaɗi. Na'urar juya wuta ta yau da kullum hanya ɗaya take bi, ba ta mayar da wuta ga kamfani. Sai idan akwai wata mota a yanki ɗaya da ke ja a daidai wannan daƙiƙa sannan wutar za ta yi amfani. Idan babu, bolt ya hau, motar ta juya wutar zuwa wasu ƙarafa da ke kan rufinta ta ƙone ta ta zama zafi. Ka tsaya a ƙasan gangara ka dubi rufin motar da ta sauko, za ka ga iska tana rawa a samansa.

Saboda haka adadin wutar birki da za ka ceto ya dogara ne da yawan motoci da tsawon yankin da tasha ke ciyarwa. Layi mai cunkoso yana ceton da yawa ba tare da an sayi komai ba. Layi mai mota jefi jefi yana ƙone yawancinta. Haɗa yankuna ta ciyarwa daga fuska biyu yana ƙara damar samun mai karɓa. Ana iya sa ma'ajiyar wuta a tasha, kamar sufakafasitar da Gdynia ta girka, ko na'urar da ke mayar da wuta ga kamfani, ko a bar batirin motar ya karɓa. Kafin ka sayi ko ɗaya, ka ciro bayanan motoci na mako guda ka ga yunit nawa aka ƙone a rufi. Mafi yawan motocin yanzu suna ajiye wannan adadi, ba a dai duba shi ne.

Babban kuɗin

Yanzu mun iso inda nauyin yake. Waya da falwaya da tasha kamar hayar gida suke, ko ka kwana ko ba ka kwana ba wata zai ƙare a zo karɓa. A ce ginin kowace kilomita, da wayar fuska biyu da falwayoyi da rabonta na tasha, ya ci Yuro miliyan 1. Layinmu miliyan 10 ke nan. Kada ka raba wannan da shekaru kawai, domin kuɗin da aka binne a titi yana da kuɗin ruwa ko da gwamnati ce ta bayar. Idan kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne na shekara 30, abin da za ka biya duk shekara kashi 6.5 cikin 100 ne na jarin, wato 650,000. Ka ƙara kashi 2 cikin 100 na gyara, 200,000, wanda ya ƙunshi ma'aikatan waya, da motarsu mai ɗaga mutum sama, da masu jiran kira da dare, da ɗakin lura da tashoshi. Jimla 850,000 a shekara.

Ka raba da kilomitocin da motoci suka yi. Da mota duk minti 5, santi 54 a kowace kilomita (santi 100 ne Yuro 1). Da mota duk minti 3, kilomitoci sun zama 2,628,000, kuɗin ya sauko santi 32. Da mota duk minti 15, kilomitoci 525,600 ne, kuɗin ya haura Yuro 1.62. Waya ɗaya ce, tasha ɗaya ce, abin da ya canza jadawali ne kawai. Idan kuma kuɗin ruwa kashi 10 ne, biyan shekara ya zama kashi 10.6 cikin 100, santi 54 ɗin nan ya koma 80. Ƙasar da bashi ke da tsada a cikinta tana bukatar layi mai cunkoso fiye da wadda bashi ke da sauƙi.

Sai ka gwada da abin da ka ceto. A ce motar dizal mai girma ɗaya tana shan lita 55 a kilomita 100, lita kuma Yuro 1.30, santi 72 a kilomita ke nan. Tirolibas tana shan kimanin yunit 2.8 idan an auna a mitar kamfani, a ce yunit santi 15 har da kuɗin ƙololuwa, santi 42 ke nan. Ribar santi 30 ce. Ka ga da waɗannan lambobi rarar mai kaɗai ba ta biya wayar layin minti 5 ba, sai a minti 3 ta yi kusan kunnen doki. Ina son tirolibas ƙwarai, kuma saboda ina son ta ne ba na yarda a ɓoye wannan. Sauran ribar tana wasu wurare, kuma dole ka rubuta su da lambobi: motar takan yi shekara 15 zuwa 20 inda ta dizal ke yin kimanin 12, ba ta da man inji da giya da salansa da za a gyara, birkinta yana daɗewa, tana hawa tudu da sauri har a rage yawan motocin da layi ke bukata. A ɗaya gefen kuma kuɗin sayen ta ya fi na dizal. Hayaƙi da ƙara ma suna da farashi, amma ka sa su a layi dabam, ka faɗi wanda zai biya, kada ka cakuɗa su da kuɗin da zai fita daga asusun kamfanin bas.

Wurare masu tsada a waya su ne mararraba da kwana mai tsanani da gareji. A nan ake bukatar na'urorin canza hanya da na gicciye, da ƙarin falwayoyi da igiyoyin ja, kuma a nan sanda ta fi zamewa daga waya. Kilomita miƙaƙƙiya da kilomita mai mararraba uku ba kuɗinsu ɗaya ba, don haka kada ka yarda da farashi ɗaya na kilomita ga layi duka.

Batir da ke caji ana tafiya

Abin da ya sauya wannan lissafi a shekarun nan shi ne tirolibas mai batir, wadda ke caji tana tafiya ƙarƙashin waya, ta sauke sandunanta ta ci gaba inda babu waya. A Solingen ta Jamus an mayar da layi mai lamba 695 daga dizal zuwa irin wannan a 2019, ana amfani da wayar da take nan tun da. Birnin Prague na ƙasar Czech, wanda ya rufe tirolibas ɗinsa a 1972, ya dawo da ita ta wannan hanya, har layin filin jirgin sama ya koma kanta a 2024.

A lissafinmu abin yana da sauƙin gani. Idan motar ta yi kilomita 10 a waya da wasu 10 a batir, kilomitocin da ke ɗaukar nauyin wayar sun ninka, santi 54 ya koma 27. Idan layuka uku ko huɗu suna bin babban titi ɗaya kafin su rarrabu, ka sa waya a wannan titin kaɗai, duka su sha daga gare ta. Ka kuma tsallake mararrabu masu tsada, ka ɗora wayar a miƙaƙƙen wuri, a tudu, da inda motoci ke tafiya a hankali, tunda caji da minti ake auna shi, ba da kilomita ba.

Sai dai ka koma lissafin waya ka sake shi daga farko. Wutar kilomita 20 yanzu za ta bi ta wayar kilomita 10, amfiya ta ninka, kuma idan aka bar caji sakaka asarar tana iya kusantar ninki huɗu. Ka sa a sharuɗɗan sayen mota cewa caji zai ragu da kansa idan mota tana tashi ko bolt ya faɗi, ya ƙaru idan tana gangara ko layi ya yi sauƙi. Idan mota tana tsaye, amfiyar da za ta iya ja tana da iyaka, saboda wuri ɗaya na waya ne ke ɗaukar zafin, don haka kada ka dogara da cajin da mota za ta yi a tsaye a ƙarshen layi. Ka ƙara kuɗin canza batir sau ɗaya aƙalla a rayuwar motar, da asarar shiga da fita daga batir. Idan kana gwadawa da bas mai batir zalla, ka sa wa wancan ɓangaren nasa kuɗin: babban batir da nauyinsa, cajojin gareji da ƙololuwar da za su ja da dare, da ƙarin motocin da za su maye gurbin waɗanda ke zaune suna caji.

Tasha da ke da rarar ƙarfi tana iya sayar da ita. A Arnhem ta ƙasar Holan an haɗa cajojin ƙananan motoci da wayar tirolibas. Ka duba ko dokar ƙasarka ta yarda kamfanin sufuri ya sayar da wuta kafin ka sa wannan a kuɗin shiga.

Idan tsohon layi ne a hannunka

Lissafin wanda ya gaji waya dabam yake da na mai gina sabuwa. Jarin da aka kashe ya riga ya tafi, abin tambaya shi ne kuɗin da ke gaba. Ka jera kowace tasha da shekarar da aka girka taransfomarta da birekunta, kowane yanki na waya da kaurin da ya rage masa, kowace falwaya da halin gindinta. Tasha takan yi shekara 30 zuwa 40, mota 15 zuwa 20, don haka lokutan sabunta su ba sa haɗuwa, kuma a wannan saɓanin ne garuruwa ke rasa layukansu. Welinton ta ƙasar New Zealand ta karɓi sababbin motoci kusan 60 tsakanin 2007 da 2009, sannan ta rufe tsarin a Oktoban 2017, motocin ba su tsufa ba, kayan ba da wutar ne suka tsufa. Motoci na wani kamfani ne, waya ta wani, tashoshi na wani, majalisar yanki kuma ita ke biya. A ganina rabuwar nan ta taimaka wajen barin kayan su tsufa babu mai tara kuɗin sabunta su. Mosko, wadda ta fara a 1933 har ta zama mafi girma a duniya, ta rufe nata a Agustan 2020.

Don haka ka buɗe asusun sabuntawa tun shekarar farko, ka riƙa zuba masa wani kaso duk shekara, ka sabunta tasha ɗaya bayan ɗaya maimakon jiran ranar da duka za su nemi kuɗi tare. Idan masu mallakar sun fi ɗaya, a rubuta a yarjejeniya wa ke da alhakin canza kowane abu da kuma shekarar da za a canza shi. Idan har an kai ga maganar rufewa, ka sa kuɗin kwance waya da tumɓuke falwayoyi da ragowar darajar motocin a ɓangaren rufewar, ka cire abin da jan ƙarfen zai kawo idan an sayar, sannan ka lissafa zaɓi na uku: a bar wayar babban titi da tashoshinta, a kwance ta rassa masu mota jefi jefi, a sa batir a motocin da za a saya nan gaba.